Gonaki Uku, Ruwa Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya tsare mini ke a zaune da a tafe, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutum. Za ki yi dariya ki ce Baba ya tsufa, yana rubuta takarda ga wadda ke tsakar gidansa tana taya Innarta daka yajin tafiya. Yi dariyarki. Akwai maganar da bakina ba ya iya fitar da ita idan kina kallona, shi ya sa na ari bironki na zauna a zaure.

Jiya da hantsi ina nan ina ɗinke buhunan albasa, na ji ki da Innarki. Ba laɓe na yi ba, katangar ce ba ta da kauri. Kika ce:

"Inna, ni tsoro nika ji. Ɗiya ukku sunka tahi jami'a daga unguwag ga, duk sunka dawo ba su ƙare ba. Ni wace ta, da za ni ƙare? Ni ta huɗu kawai."

Ita kuma, da tausayinta na uwa, ta ce: "To ki zamna mana, wa yak kore ki?"

Allurar da ke hannuna sai da ta soke ni. Yau Laraba, motar Zariya ranar Asabar ce, kuma na lura jakarki har yanzu a buɗe take. Don haka ki karanta wannan kafin ki yanke shawara.

Da farko ki sani ina alfahari da ke, alfaharin da ya kusa zama abin kunya. Ranar da sunanki ya fito, na kai takardar majalisarmu ta bakin kasuwa na karanta ta da ƙarfi sau uku, har wani ya ce, "Garba, mun ji, ko kurma ya ji." Suka tambaye ni mene ne ilimin ƙididdigar da za ki karanta. Ni ma ban gama sani ba, amma na gyara zama na ce ke ce za ki riƙa gaya wa manya abin da ba su sani ba game da mutanensu. Babu wanda ya musa.

Lissafin da kika yi wa Innarki jiya kuwa, na gane shi sarai, domin irin nawa ne. Sau uku na yi shi a rayuwata, sau uku ya kayar da ni. Bari in ba ki su ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar da kakanki ya rasu na fara noman rani da kaina, kaina ya yi girma. Na sha jin manya suna cewa manomi ba ya dogara da gona ɗaya, sai na ce ni zan nuna musu hikima. Na kama gonaki uku na albasa: ɗaya kusa da gada, ɗaya bayan masu bulo, ɗaya can gaba ta hanyar Wurno. Na ce a raina, gona ɗaya tana iya lalacewa, biyu da wuya, uku kuwa sai dai in duniya za ta tashi. Ina yawo tsakaninsu a kan jaki kamar wani hakimi.

Bappanki Haruna ya tare ni wata rana ya ce, "Garba, gona nawa ag gare ka?"

Na ce, "Ukku, Yaya."

Ya ce, "Ruwa nawa?"

Na yi dariya, don ban ga inda tambayar ta nufa ba. Ya girgiza kai ya ce, "Gona guda ag gare ka. Ka raba ta ukku don ka wahal da jakinka."

Duk ukun a bakin magudana ɗaya suke, wadda ke kawo ruwa daga madatsa. A shekarar nan ruwa ya ja baya daidai lokacin da albasa ta fara yin kai. Da safe na isa gonar gada na tarar ganye ya kwanta ya yi rawaya. Luba, ina tsaye a kan ta farko na riga na san abin da ke jirana a ta biyu. Ta uku ma ban iya zuwa ba sai bayan kwana biyu. Shi Bappanki gonarsa ta bakin magudana ta mutu kamar tawa, amma yana da wata da yake ba ruwa daga rijiyar da ya haƙa, ga kuma geron damina da ya noma a Sisawa yana rumbu. Geron nan muka ci har shekara ta zagayo, kuma bai taɓa cewa "ai na faɗa maka" ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da na tsinta a gonar nan. Idan kina son ki san ko abubuwa biyu a ɗaure suke da juna, ki tambayi kanki: in aka ba ni labarin na farko, shin zai canza abin da nake zato game da na biyu? In ya canza, to ruwa ɗaya suke sha, kada ki ƙirga su biyu. Wannan zai yi miki amfani a can fiye da yadda kike tsammani. Mutum goma za su kawo miki magana ɗaya, ki ji kamar ta tabbata. Ki bincika ko idanu goma ne suka gani, ko baki ɗaya ne ya faɗa sauran suka tura a waya. Haka nan in ku biyar kuka kwafi darasi daga littafin mutum ɗaya, amsarku ta zo ɗaya, kada ku yi murna tukuna.

Na biyu ya fi wannan muni, domin na farko ni kaɗai ya cuta.

Akwai wani bawan Allah a Achida, Alhaji Buba, mai sayar da irin albasa. Abokina ne, in na sauka a shagonsa sai na sha fura kafin a yi maganar iri. Wata shekara albasa ta ruɓe mana a rudu, rumfunan karan nan da muke ajiye ta a ciki. Ka ɗaga ta sama ka ga lafiya, ka sa hannu ƙasa ka ji ruwa. Raina ya ɓaci, na shiga bin waɗanda abin ya shafa ina tambayarsu inda suka sayi iri. Mutum goma na tambaya, tara suka ce wurin Buba. Ai sai na ji na kama ɓarawo da hannu a cikin tukunya. Ranar kasuwar Goronyo na tsaya inda ake lodin buhuna na faɗa da ƙarfi cewa irin Buba ne ya kashe mu, ga shaida, tara cikin goma.

Na dawo gida ina huci ina ba Innarki labari. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Malam, su waɗanda tasu ba ta ruɓe ba, ina sunka sayi iri?"

Na ce mene ne ruwana da su.

Ta ce, "A'a, tambaya dai niy yi."

Kin san tambayar Innarki, ba ta barin mutum ya ci tuwo da daɗi. Washegari na bi waɗanda albasarsu ta tsira. Wurin Buba. Wurin Buba. Wurin Buba. Ashe kusan duk yankinmu a wurinsa ake saye, mai asara da mai riba. Ko da masu ciwon kai a garin nan na tambaya, da na tarar su ma tara cikin goma irin Buba suka shuka. Abin da ya haɗa mu, mu da muka yi asara, daban ne: mun yi ta ba albasa ruwa har dab da cira don ta yi nauyi, muka kuma zuba ta a rudu ba ta gama shan iska ba. Haɗamarmu ce ta ruɓe, muka ɗora wa mai iri.

Na hau mota na je Achida na ba shi haƙuri a gaban mutane. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Amma magana zarar bunu ce. Shekarar nan mutane da yawa sun juya masa baya, kuma har ya koma ga Allah, in na je shagonsa da mutunci yake karɓata, sai dai ba a sake kawo mini fura ba.

Don haka ki riƙe wannan da kyau: tambaya tana da gaba da baya. "Cikin waɗanda suka yi asara, nawa ne suka sayi irinsa?" tambaya ce daban. "Cikin waɗanda suka sayi irinsa, nawa ne suka yi asara?" ita ma daban. Ta farko na amsa, na yanke hukunci da ta biyu. Duk wanda ya kawo miki adadi, ko da farin gilashi ne a idonsa, ki tambaye shi cikin ladabi: a cikin su wa aka ƙirga? Kuma kafin ki ɗora wa mutum laifi, ki je ki ga waɗanda abin bai same su ba. Wannan ba a jami'a aka fara koyar da shi ba, wata 'yar Rabah, Innarki, ita ce ta koya mini tana tankaɗen gari.

Na uku shi ne wanda ya sa na ari biro.

Kina da shekara bakwai kika taɓa tambayata me ya sa mutanen kasuwa suke kirana Uban Tanko alhali babu Tanko a gidanmu. Na ce miki wasan manya ne. Ba wasa ba ne.

Allah Ya ba mu yayyenki huɗu a jere: Rabi, Saratu, Umma, Balki. Da Innarki ta samu ciki na biyar, sai na zauna na yi lissafina na gonaki uku, amma a juye. Na ce mata huɗu sun fito, ai matan sun ƙare, dole wannan namiji ne. Kin san namijin da ya biyo bayan mata Tanko ake ce masa. Tun cikin yana wata huɗu na shiga gaya wa majalisa Tanko na tafe. Wani dattijo da ke zama da mu ya ce mini, "Garba, ciki ba ya ƙirga." Na ce tsufa ne ke damunsa. Na je Wurno na sa aka ɗinka 'yar hula mai aikin koren zare, wadda ba ta fi tafin hannuna ba. Na ware babban rago ina ba shi dusa da kaina.

Bayan azahar aka haife ki. Gwaggonki ta leƙo zaure da fara'a ta ce, "An samu ɗiya mace, lahiya lau, uwa da ɗiya." Na ce alhamdu lillahi da baki, na ɗauki fartanya na tafi gonar da babu aikin komai a cikinta. Na yi miki huɗuba a kunne kamar yadda aka saba, amma ban tsaya na dubi fuskarki ba. Ranar suna na mayar da babban ragon cikin garke, na sa aka yanka ƙarami. Babu wanda ya sani sai Innarki, ita kuma magana ɗaya ta yi mini:

"Malam, kyauta anka ba ka, ba saye kay yi ba."

Shekara goma sha tara ke nan ina ɗauke da wannan. Na nemi gafarar Allah tuntuni, taki ce ban nema ba. Ki yafe mini, ɗiyata.

Kin tuna ranar waken nan? Kina aji biyar na sakandare, bayan la'asar, na same ki a gindin darbejiya da ƙwarya da ƙwayar wake goma, biyar fari biyar ja. Na ce wake na ci ne ko na wasa? Kika ce jarrabawa gare ki, kika sa na rufe ido na ciro ɗaya. Kika ce:

"Baba, in kac ciro hwari huɗu ba ka maida ba, saura shidda, biyar ja. Ka ga ja ya kusa zama dole. Amma in kana maidawa kana girgizawa, ko hwari goma kac ciro a jere, na gaba rabi da rabi na. Ƙwarya ba ta tuna abin da kac ciro."

Na tsaya ina juya waken a hannuna. Kika ɗauka ban gane ba, kika sake bayani har sau uku, kina haƙuri da ni kamar malamar 'yan aji ɗaya. Na gane tun a karon farko, ganewar ce ta ɗaure mini baki. Ni na ɗauki taskar Ubangiji kamar ƙwaryar da ba a mayarwa, wai mata za su ƙare a cikinta. Ga kuma wadda na ƙi duban fuskarta, ita ce zaune tana warware mini kuskurena da waken miya, ba ta ma san tana yi ba. Na tashi na shiga zaure don kada ki ga idona.

Kin ga ke nan na faɗi ta kowane gefe. Inda abubuwa suke a ɗaure na ce a rabe suke, inda suke a rabe na ce a ɗaure suke. Saboda haka idan na ce miki lissafinki na jiya bai yi ba, ki saurare ni, gwani ne a kuskuren yake magana.

'Yan matan nan uku da suka dawo, kin ƙirga su uku. Ruwa nawa?

Ubanninsu abokan zamana ne, tabarma ɗaya muke hawa. Kowannensu ya bar ɗiyarsa ta tafi da rabin zuciya, yana jiran ta yi tari ya ce ta dawo. Ta farko ta bugo waya a watan farko tana kuka, abinci bai karɓe ta ba, ɗaki ya cika, karatu ya yi tsauri. Ubanta ya kawo maganar majalisa yana neman shawara. Wannan tun kafin ranar waken ne, kuma ga abin da babanki ya ce da bakinsa: "Dawo da ita, mi za ta tsinta can?" Aka dawo da ita. Da ta biyu ta yi nata kukan, ubanta bai ma nemi shawara ba, ya riga ya ga yadda ake yi. Na uku ya bi sahu. Yaran nan ba su kasa ba, kuka suka yi irin wanda kowane baƙo yake yi a watan farko. Majalisa ɗaya ce ta kasa sau uku, kuma ina zaune a tsakiyarta. Na je na faɗa wa ubanninsu haka, biyu sun ji, ɗaya har yau yana gaishe ni da ƙyar.

To ki gyara tambayarki yadda Innarki ta gyara tawa. Kada ki ce, cikin waɗanda suka tafi nawa suka gama? Ki ce, cikin waɗanda suka tafi gidansu yana tsaye a bayansu da zuciya ɗaya, nawa suka dawo? Wannan ba mu da amsarta a unguwar nan, domin ba a taɓa gwadawa ba. Ke ba ta huɗu ba ce a layinsu. Ke ce ta farko a naki.

Ban ce ba za ki sha wuya ba. Ban kuma ce na san gobe ba, na daina wannan sana'ar tun a kan Tanko. Sakamako yana hannun Allah. Abin da ke hannuna shi ne ruwan da za ki sha daga gidan nan, kuma wannan na haƙa rijiyarsa da kaina.

Sauran nasiha kin san su, ba sai na cika takarda ba. Ki tsare sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci ko bai yi miki daɗi ba, yajin Innarki zai rufa masa asiri. Ki zaɓi ƙawaye da ba duka daga gari ɗaya ko tunani ɗaya ba, don in ɗaya ta ɓata hanya wata ta ja ki. In malami ya yi bayani ba ki gane ba, ki ɗaga hannu, wadda ta maimaita wa tsoho darasi sau uku tana da haƙƙin a maimaita mata. In kuma kika ci jarrabawa uku a jere, kada ki ce ta huɗu dole ce. In kika faɗi ɗaya, kada ki ce sauran ma sun tafi, ki nemo dalilin, ki gani ko ya shafe su.

Hular nan tana nan har watan jiya, a ƙasan akwatina. Da yayarki Rabi ta haifi namiji na ciro ta na ba shi. Mako biyu ya sa ta, kansa ya fi ƙarfinta. Shekara goma sha tara ina ajiyar abin da amfaninsa bai wuce mako biyu ba! Innarki ta yi dariya har da riƙe ciki. A majalisa kuwa na sanar cewa duk mai son in amsa masa, Uban Luba zai ce. Jiya wani ya manta ya kira tsohon sunan, na bar shi yana ta kira har ya gyara.

Ga alkawarina, na rubuta shi don ki riƙe ni da shi. Za ki bugo waya kina kuka, wataƙila tun a makon biyu. Ki bugo, kada ki ɓoye. Ba zan kai maganarki majalisa ba, kuma ba zan ce ki dawo ba. Zan bar albasa a hannun Bappanki in hau mota in zo. Zan zauna a bakin ƙofar makarantarku, ki fito ki yi kukanki ya ishe ki, mu ci abin da Innarki ta ƙullo. Sannan in hau mota in komo Goronyo ni kaɗai. Ko sau nawa ne, haka za mu yi, har ranar da za ki ce mini, Baba, yau kam tare za mu, na ƙare.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa da abokan zama na gari. Ya buɗe miki ƙirji, Ya tsare mutuncinki, Ya dawo mana da ke a ranar da ta dace ba kafinta ba. Allah Ya yi miki albarka, albarkar da na yi jinkirin furtawa ranar da kika zo duniya. Amin.

Babban ragon bana na ware shi, ina ba shi dusa da kaina, kuma wannan karon na san mai shi. Je ki rufe jakarki. Ranar Asabar ni zan ɗauke ta zuwa tasha.

Naki,
Babanki Garba, Uban Luba.